Masana'antar da Muke Kai wa Niƙan Dutse: Gari Mai Laushi, Ƙura Mai Haɗari

Mai sana'ar tangaran ko haɗa fenti ba ya wuce ingancin garin da aka niƙa masa, domin idan akwai tsakuwa a ciki, ko tanda ko bango sai ya tona asirinsa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina game da wata ƙaramar masana'anta a Kano wadda muke kai wa felsfa (wani dutse da ake sawa a haɗin tangaran), dutsen ƙanƙara da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina.

Injin nasu ganga ce a kwance, faɗinta kimanin mita 1, an zuba mata ƙwallaye har kusan sulusin cikinta. Yayin da take juyawa, ƙwallayen kan hau jikin bango su faɗo a kan kayan, su daka su, sannan su murje su a tsakaninsu. Ganga mai wannan faɗi idan ta kai juyi 42 a minti ɗaya, ƙwallayen za su manne da bango su daina faɗowa, niƙa kuma ta tsaya, shi ya sa ake riƙe ta a wajen juyi 30. Dattijon da ke kula da injin da kunne yake aiki: muddin ƙarar tana da kaifi ya san kayan sun yi kaɗan kuma ƙwallaye na cin junansu, idan kuwa ta dushe ƙwarai ya san an cika gangar fiye da kima.

Abin da ya fi ɗaure ni da su shi ne cikin gangar da ƙwallayenta duk na alumina ne, wani farin tangaran mai tauri ƙwarai, ba na ƙarfe ba. Wanda aka taɓa niƙa wa kaya da ƙwallayen ƙarfe ya san takaicin buɗe tanda ya tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin farin kwano. A nan garin yana fitowa fari tas. Kafin a ba ka kayanka kuma, sukan ɗebi kaɗan su wanke a rariya mai lamba 200, wadda ramukanta ba su wuce maikiron 75 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a gaban idonka, kuma idan ragowar ta yi yawa sukan mayar da kayan ganga ba tare da gardama ba.

Jinkiri akwai shi, musamman idan an ɗauke wuta ko lokacin damina da kwaɓin da aka niƙa da ruwa ba ya saurin bushewa, don haka mai bukata ya kai kayansa da wuri.

Abin da ba zan iya kawar da kai a kansa ba shi ne sashen busasshiyar niƙa. Na ga samari suna ɗura gari a buhu, gashin idonsu ya yi fari, babu takunkumi. Ƙurar dutsen ƙanƙara tana taruwa a huhu ta haifar da silikosis, cutar da ba ta warkewa. Mun kuma ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Ni dai yanzu niƙa da ruwa kaɗai nake bayarwa, kuma ina roƙon mai masana'antar ya sanya injin zuƙe ƙura a wurin ɗurin buhu, ya kuma sayo wa yaran nan takunkumi mai tace ƙura, ba ƙyalle ba.