Abincin leya mai ƙwaya: kaji sun karɓe shi, amma buhun damina ya ƙona min rai

Tun da na koma bai wa kajina abincin leya, wato na kaji masu yin ƙwai, mai ƙwaya-ƙwaya, wanda masu shago ke kira felet, na huta da sharar gari a ƙasan keji. Mai garin da nake saye a da, kaza za ta sa baki ta tsince ɓarzajjen masara, ta watsar da sauran da ƙafa, alhali a cikin garin nan da take rainawa ne bitamin da garin ƙashi suke. Da yamma ka leƙa mazubi ka tarar da saura, ka zaci ƙoshi suka yi. Shi mai ƙwaya komai a dunƙule yake, babu zaɓe. Kaji ashirin gare ni masu ƙwai a bayan gida, kowace tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, kuma buhu mai kilo 25 yana kai ni inda lissafi ya ce ya kai, abin da mai gari bai taɓa yi ba. Ɓawon ƙwai ma ya yi ƙarfi, na daina tsintar masu laushi da asuba. Dama abincin leya sinadarin kalsiyam ɗinsa ya kan kai kusan kashi 4 cikin 100, shi ya sa nake faɗa wa maƙwabciyata ta daina zuba wa 'yan tsakinta, ƙodarsu ba za ta ɗauka ba. Sitata, abincin 'yan tsaki, ce tasu, sannan girowa, na masu tasowa, sai sun kusa mako 18 a fara maganar leya.

Duk da bambancin kuɗinsa da na mai gari, wanda kowa ya sani, ban yi ƙorafi ba. Har mata biyu na tura shagon da nake saye.

Sai buhun watan Agusta. Samansa lafiya lau, launi da ƙamshi yadda na saba. Ban ci rabinsa ba na ga kajin suna zuwa su caccaka kaɗan su juya, su da ke hawa kaina in sun ji ƙarar kwano. Kashinsu ya koma ruwa-ruwa, kiret ɗin da nake cikawa cikin sauƙi ya gagara. Na duba ruwan sha, na duba ko ƙwarkwata ce, na ɗaga kowace kaza na leƙa ido da hanci saboda tsoron annoba. Daga ƙarshe na shimfiɗa tabarma na juye buhun gaba ɗaya. Abin da ya faɗo daga gindinsa curi-curi ne, wasu sun kai dunƙulen hannu, in ka fasa sai ka ga cikin ya yi toka-toka da kore, ga ɗumi, ga warin funfuna da ya cika tsakar gida. Wallahi sai da hawaye ya zo min.

Na ƙulla curin a leda na hau adaidaita. A ranar ne na kula da yadda ake ajiye kaya a shagon: buhunan ƙasa zube suke a kan siminti, babu ko katako a ƙarƙashi, an jingina su da bangon da ya sha ruwa har ya yi baƙi. Na ce, "Alhaji, dubi abin da ka sayar min." Ya jujjuya curin ya ce, "Haba Hajiya, ai damina ce. Ki shanya shi a rana ki murmushe, ba abin da zai yi musu." Na ce masa rana tana busar da laima, amma dafin da funfuna ke bari, aflatoksin, ko dafuwa ba ta kashe shi, hanta yake kamawa, kuma ƙwan nan 'ya'yana ke ci. Ya ce kayan da aka buɗe ba a dawo da shi, ƙila ma a gidana ya jiƙe. Buhun da ke kan benci a ɗakin ajiyata, ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo! Yaron shagon ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Da farko mai shago kawai na ɗora wa laifi, amma da na zauna na ga kamfanin da ke haɗa abincin ma ba zai tsira ba. Takardar da ke ɗinke a bakin buhu, wurin ranar da aka haɗa abincin tawada ta goge, ba ka iya karanta komai. To ta yaya mai saye zai san ko buhun ya kwana biyu a shago ko wata uku? Lambar wayar da suka buga na kira har na gaji. Kuma tunda aka zo nan, bari in faɗi wanda na daɗe ina haɗiyewa: garin da ke taruwa a gindin buhu yana ƙaruwa, ba kamar farkon da na fara saye ba. Kuɗin felet nake biya, ina samun wajen kwano guda na ƙura.

Ragowar na haƙa rami na binne, don ko akuya ba zan ba ba. Kafin in haɗa kuɗin wani buhun, da dusa da tsakin dawa na lallaɓa kajin, wanda kowa ya san ba ya kawo ƙwai, cika ciki ne kawai. Sun jima kafin su dawo daidai, ɗaya ma har yau ba ta koma ba.

Har yanzu felet ɗin nan nake saye, don ban samu wanda kajin ke cinyewa tas kamarsa ba. Amma na canja shago, kuma sai an farke min bakin buhu na zura hannu har ƙasa na sansana kafin in miƙa ko sisi. Kuɗin wancan buhun dai Alhaji bai maido ba.