Ƙofar suwic: a bar ta ta daidaita da kanta, ko a ɗaure ta da hannu?

A wani shagon kwamfutoci a Aboabo, nan Kumasi, mai shago ya ce mini: "Malam, intanet ɗinmu tafiyar hawainiya take yi." Suwic na'ura ce da ke haɗa kwamfutoci, ƙofarta kuma ramin da ake soka waya. Wani ne ya ɗaure ƙofar suwic ɗin kamfanin Cisco a gudun megabit 100 da cikakken dufleks, wato aikawa da karɓa lokaci guda, ya bar na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar tana daidaita gudu da dufleks da kanta. Ita kuma ta gane gudun, amma ba a faɗa mata dufleks ba, sai ta koma rabin dufleks, wato aikawa da karɓa bi da bi. Fitilar ƙofar kore shar kamar komai lafiya, saƙonni kuwa suna ta karo, kurakuran CRC, wato alamar saƙonnin da suka iso a lalace, suna taruwa.

Ɗaurin hannu bai yi laifi ba idan an yi shi a ɓangarorin biyu, kuma yana taimakon tsofaffin firintoci da ba sa jituwa da suwic. Sai dai yana son mai tuna abin da ya saita.

Ni barin ƙofa ta daidaita kanta na fi so. Gudun gigabit, wato megabit 1000, a wayar tagulla ma, a ƙa'idar 1000BASE-T, dole ne a bar ta ta daidaita. A suwic ɗin shagon na rubuta umarnin speed auto da duplex auto, masu barin ƙofa ta daidaita kanta, nan take kurakuran suka tsaya.