Cefanen sari a kasuwar Yankaba: riba ko wahala?

A Kano, in aka ce cefane ana nufin kayan miya na yau da gobe: tumatir, attaruhu, tattasai, albasa, nama, mai. Hatsi kuwa awo ne, shi kasuwar Dawanau ake zuwa. Yankaba, da ke kan titin Haɗejia, ita ce uwar cefane, domin masu tebur na unguwanni da yawa can suke sarowa.

Lokacinta rani ne, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam yake kwararowa. A je da sassafe, kafin rana ta bugi kaya. A nemi irin tumatirin da ake kira ɗan UTC: yana da tauri da tsoka, ruwansa kaɗan, ya fi auki a tukunya. Amma kada a yarda da fuskar kwando. Manya ake jerawa a sama, na ƙasa kan matse ya fara ruwa. A sa a juye shi a gaban mutum kafin a biya. Albasa a taɓa wuyanta. In da laushi, ba za ta yi sati biyu ba. Attaruhu mai kore a hanci shi ne tsinkar kwanan nan.

Inda kuɗin ke zurarewa shi ne bayan ciniki. Ga la'adar dillali, ga ɗan dako, ga adaidaita sahu, ga kuɗin markaɗe, ga cajin mai POS idan taransifa ta maƙale. Wanda zai sayi na miyar kwana biyu, gara ya tsaya wajen mai tebur na bakin layi.

Kwandon tumatir guda sai gida uku ko huɗu su yi karo-karo su raba. Ranar da aka kawo a wanke, a markaɗa, a tafasa har ruwan ya tsotse, a zuba mai ya rufe samansa. In aka dogara da firji alhali wuta ba tabbas, kwana biyu ya yi tsami, arahar ta tashi a banza. Wanda ba shi da wannan hali ya yanka ya shanya, ya samu kauɗa ta damina.

Da damina dai kasuwar caɓi ce, tumatir kuma ya yi tsada. Sai tattasai busasshe da tumatirin gwangwani su rufa asiri.