UN Web TV: kallon diflomasiyyar ƙawaye a kan yaƙin Yukiren

Duk mai son ganin yadda ƙasashen da ke ƙawance suke auna kalamansu a lokacin yaƙi, tashar UN Web TV ta Majalisar Ɗinkin Duniya za ta biya masa buƙata, domin tana watsa zaman Kwamitin Sulhu da na Babban Zaure kai tsaye kuma kyauta, da fassara cikin harsunan majalisar guda shida.

Na koma na kalli zaman Kwamitin Sulhu na 25 ga Fabrairu 2022, inda Amurka da Albaniya suka gabatar da daftarin ƙuduri kan mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren. Ƙasashe 11 sun goyi baya, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, yayin da Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ƙaurace. Kyamara takan tsaya a kan jakada yana karanta dalilinsa daga takarda, kuma a nan ne na lura cewa ƙawayen Yukiren suna suka da kakkausar murya, amma suna kaffa-kaffa kada maganarsu ta zama barazanar shiga yaƙin.

Raunin tashar, a ganina, shi ne cewa ainihin cinikin a bayan fage ake yin sa. Tattaunawar da ta sa aka sassauta lafazin daftarin daga yin Allah wadai zuwa nuna takaici, domin kada Sin ta ƙi shi, ba a gaban kyamara aka yi ta ba. Babu kuma fassarar Hausa.