Kafin Ka Sayi Samfurin Shafin Intanet: Ni Dai GeneratePress Nake Ba Mutane

Duk wanda zai buɗe shafin intanet, na labarai ne ko na shago ko na makaranta, abin da yake fara tambaya shi ne wane samfuri, wato shiryayyen tsarin da ke ba shafi kamanninsa, ya fi kyau. Abin da yake nufi kuwa, wanne ya fi burge ido a hoton talla. To amma hoton tallan nan a babbar kwamfuta aka ɗauke shi, an zuba hotunan ƙwararru, an auna tsawon kanun Turanci don su zauna daram. Mai karanta shafinka kuwa Tecno ce ko itel a hannunsa, datarsa ta kusa ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. A kan wannan wayar ya kamata a yanke hukunci.

A WordPress, manhajar gina shafuka, zan tsaya, don shi ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma ko ka ɓata da mai yi maka aiki ba za ka rasa wani da ya iya shi ba. Wix ba na ba da shawararsa: in ka gina a kan samfuri ɗaya ba ka iya sauya shi sai ka sake sabon shafi daga tushe, kuma ba ka iya kwashe shafin ka kai wani masauki, wato kamfanin da ke ajiye shafi a intanet. Blogger kyauta ne, ya ishi mai rubuta ra'ayinsa, amma bai kai na kasuwanci ba.

Samfurin da nake ba mutane, GeneratePress, wani ɗan Kanada ne mai suna Tom Usborne ya ƙirƙiro shi, kuma ana samun na kyautarsa a rumbun WordPress.org. Ranar da ka fara ɗora shi ba zai burge ka ba ko kaɗan. Farin fili ne, da baƙin rubutu, da jerin maɓallai a sama, shi ke nan. Wannan rashin kwalliyar ce ta sa nake son sa. Ba ya jawo kayan da ba ka nema ba, ba ya dogara da jQuery (wani kunshin lambobi da ke ƙara wa shafi nauyi), ba ya tilasta maka wata manhajar gini ta daban. Da editan WordPress na asali yake aiki, wato Gutenberg da ya zo a Disambar 2018, don haka abin da ka rubuta naka ne, ko ka sauya samfuri gobe rubutun yana nan lafiya lau.

Kuma abin da mutane ke kira kyan shafi, in ka duba da kyau, ƙananan abubuwa ne da wannan samfurin ke sa maka a hannu. Faɗin layi shi ne na farko: in rubutu ya miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan, ido yana ɓata wurin komawa, shi ya sa masu tsara littattafai ke tsayawa tsakanin harafi 45 zuwa 75 a layi ɗaya. Sai girman rubutu, kada ya gaza fiksel 16 a waya, da tazara tsakanin layuka kamar ɗaya da rabi. Sai launi. Biyu sun isa, uku in an matsa, kuma WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 a kan 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a ofis mai sanyi, amma ka fita da wayar tsakar rana ka ga ko za ka iya karanta shi. A GeneratePress wuri ɗaya kake saita launuka da haruffa, duk shafin ya bi. Na kuɗinsa, wanda ake biya da dala duk shekara, yana ƙara maka shafuka shiryayyu da ikon daidaita tazara a kowane sashe. In shekara ta zagayo ba ka sabunta ba, shafin ba ya mutuwa, sabbin gyare-gyare ne kawai ke daina zuwa.

Sauran fa? Astra na kamfanin Brainstorm Force na Indiya ne, yana kan shafuka sama da miliyan ɗaya, ba shi da nauyi, sai dai yawan tallan "sayi na kuɗi" a cikin dashbod, wato wurin da mai shafi ke sarrafa shi, yana gundurata. Kadence ya fi kowa sakin hannu a na kyauta, musamman wajen tsara saman shafi, don haka wanda ya san ba zai taɓa biyan ko sisi ba ya ɗauke shi. Avada ya fi kowane samfuri ciniki a ThemeForest, kasuwar sayar da samfura, amma da manhajar gininsa yake zuwa, shiga da sauƙi, fita da wuya. Tsofaffin shafukan da aka gina da samfurin Divi, in ka cire shi, sai su bar maka tarkacen lambobi a tsakiyar rubutu. Newspaper na kamfanin tagDiv na gidan jarida ne mai ma'aikata da masauki mai ƙarfi, ba na mai shagon atamfa ba.

Akwai gwajin da nake yi wa kowane samfuri wanda masu sharhi na Turai ba ruwansu da shi. Rubuta kanun da ke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana, ka duba a waya. Yawancin haruffan ado da ake ƙawata samfuran kuɗi da su ba su da waɗannan baƙaƙen. Abin da ke faruwa sai wayar ta aro harafin daga wani salo, ka ga "ƙasa" da ƙ siririya a tsakiyar rubutu mai kauri, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinta. Babu launin da zai rufe wannan munin. Salon haruffan Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka, haka Andika da Charis na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna. Mai son saka Ajami kuma akwai Alkalami, wanda SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na Kano. Samfurin da bai bari ka sauya salon haruffa cikin sauƙi ba, ka bar musu abinsu.

Gudun shafi kuma ba sai an yi musu ba. Buɗe PageSpeed Insights, shafin Google na auna gudu, ka liƙa adireshin shafin gwaji na samfurin, ka duba sakamakon waya. Google na so babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A nan wasu masu aiki ke yin wayo, su turo maka hoton sakamakon kwamfuta mai kore shar, alamar gudu mai kyau, su ɓoye na waya.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Samfurin sata ya fi mummunan samfuri haɗari nesa ba kusa ba. Akwai shafuka da zaurukan Telegram da ke raba Avada da Newspaper da manhajar gini ta Elementor Pro kyauta ko a 'yan kuɗi kaɗan, an cire musu makullin lasisi. Wanda ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya fitar da rahoto a kan wata cuta mai suna WP-VCD, wadda hanyar yaɗuwarta ita ce irin waɗannan samfuran. Kana ɗora samfurin sai ta kwafi kanta cikin sauran fayiloli, ta buɗe wa masu ita ƙofar baya, ta riƙa cusa tallace-tallace da mahaɗai a shafinka, har ta tsallaka sauran shafukan da ke masauki ɗaya da shi. Cire samfurin kaɗai ba ya kashe ta.

Na taɓa karɓar shafin wata makaranta da aka yi wa haka. Mai makarantar ya biya kuɗin lasisi cif, wanda ya yi aikin ya soke kuɗin a aljihu ya ɗora na sata. Shafin a ido lafiya ƙalau, amma in iyayen yara suka nemi sunan makarantar a Google, tallan caca ke fitowa a ƙarƙashinsa. Wankewar ta fi ginin farko tsada, kuma kafin Google ya share waɗancan sakamakon an sha jira.

Masu raba na sata za su ce maka ai GPL, lasisin da WordPress ke kai, ya halatta rabawa. Ta fuskar lambobin samfurin akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma halaccin rabawa bai ce fayil ɗin da ka sauko da shi tsarkakakke ne ba, kuma ranar da aka gano ɓaraka a samfurin, masu lasisi ne ke samun gyara kai tsaye, kai kana nan da ƙofa a buɗe.

Saboda haka in wani ya ce ya saya maka samfurin kuɗi, ka ce ya nuna rasit. A ThemeForest kowane ciniki yana da lambar saye, kuma lasisin yau da kullum na shafi ɗaya ne tak, ba wanda zai saya sau ɗaya ya raba wa kwastomomi ashirin ba. Mafi alheri ma ka buɗe asusun da imel ɗinka, a saya da sunanka. Ka shiga dashbod ka ga ko samfurin yana karɓar sabuntawa, ka leƙa jerin masu ikon shafin ko akwai sunan da ba ka sani ba. Ka rubuta site: haɗe da adireshinka a Google ka ga shafukan da yake ɗauka naka ne.

Akwai kuma masu nuna maka shafin gwajin kamfani su ce aikinsu ne. Ka nemi adireshin shafi mai rai na wani kwastoma, ka buɗe shi a wayarka da datarka, ba a waifai ɗin ofishinsu ba. Adireshin shafinka ma, ko .com ne ko .ng da hukumar NiRA ke kula da shi, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai kalmar sirri ta masauki da ta dashbod sun shigo hannunka, ka shiga da su da kanka, ka sauya su.