Famfon zuƙo mai na batiri: ya yi mini rana a buwat, ya ba ni kunya a inji

Jika 12 na sayi famfon nan wajen wani mai kayan mota a gefen babbar kasuwa, cikin kwali mai rubutun Sinanci, ba suna ba lamba. Girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba. Wayoyi biyu gare shi, ja da baƙi, masu baki irin na kada da ake maƙalawa a batirin mota. Sai tiyo biyu: siriri mai tauri da ake zurawa ta ramin sandar awon mai, da kakkaura da ke kai man cikin bido. An rubuta 12V da 60W a jikinsa. Wata bakwai ke nan yana hannuna, na yi aiki da shi sau huɗu a motata, sau ɗaya a ta maƙwabci.

Motar RAV4 ce ta 2004, inji 2.4, otomatik mai giya huɗu, shigowar Kwatano. Aya da riɗi nake saye a kasuwannin ƙauye, don haka rabin rayuwarta a cikin yashi da jar ƙasa take yi, yau wajen Mayahi, gobe Dakoro, jibi Tasawa. Ni ba makanike ba ne, kuma da can ban taɓa riƙe kile da niyyar kwance wani abu ba. Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki wata bidanji ce da aka yi mini a wani garaji da ba zan faɗi sunansa ba. Na ce a canza baƙin mai, yaron ya ce a haɗa da man buwat, wato akwatin giya, tunda an riga an hau rami, na ce to. Bayan kamar mako biyu motar ta fara bugu idan za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, irin bugun da sai wanda ke zaune a baya ya tambaya ko wani ya daki motar ne. Da na koma na nemi a nuna mini bidon da aka zuba, sai ga wani jan mai da ake kira Dexron. Na zaro sandar awon buwat na nuna wa maigidan wurin irin man da aka rubuta a jikinta, T-IV. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ai jan mai duka ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Jan launi rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai. A cikin buwat ɗin otomatik akwai faifai-faifai da ke kama juna su saki a cikin man, kuma an auna santsin kowane irin mai daidai da faifan da aka yi shi dominsu. Man da ya fi kamawa yana sa bugu, wanda ya fi santsi yana sa zamewa. Toyota ma da kanta iri-iri take da su: T-IV na motocin zamanin tawa, da WS na waɗanda suka biyo baya, wanda ya fi ruwa-ruwa. In ba a samu na Toyota ba, a duba bayan kwalbar a nemi lambar JWS 3309, ita ce ma'aunin T-IV. Ni dai nawa sai da na yi saƙo Kano, wani direba ya zo mini da gwangwani biyu masu lita 4 da kwalba ɗaya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Kuɗin ya yi nauyi, kuma kowa ya san tun rufe iyakar Nijar da Najeriya ta Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 kayan mota suka hau ba su sauko ba.

Kafin in taɓa komai na je wajen tsohon makanikena, dattijo ne da ya yi wa mahaifinmu aiki. Ya ce, "Ɗana, buwat ɗin otomatik kamar tsohuwa take, in ka matsa mata da wanka sai ta kwanta." Wannan magana ta cika gari, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Buwat ɗin da faifanta suka riga suka cinye, manta ya yi baƙi yana warin ƙuna, dattin da ke cikin man shi ke taimaka wa faifan su kama. In aka wanke shi tas sai ta fara zamewa, a ce sabon mai ne ya kashe ta, alhali da ma ta mutu ba a binne ba. Na ce, "Baba, to yaya zan gane tawa?" Ya sa na ɗiga man a farar takarda. Ɗigon ya bazu, tsakiyarsa ruwan ƙasa mai duhu, gefensa da sauran ja, ba ƙyallin ƙarfe, ba warin ƙuna. Ya shinshina sau biyu, ya ce in je in canza, amma da kaɗan-kaɗan.

A nan ne famfon ya nuna amfaninsa. Buwat irin wannan tana ɗaukar wajen lita 8, amma ko ta ƙasa ka kwance ba za ka samu rabinsu ba, sauran suna maƙale a cikin tukunyar da ke haɗa inji da buwat da bututan da ke kai man wurin sanyaya. Saboda haka canji ɗaya gauraye ne kawai, sai an maimaita. In ana cire lita 3 ana mayar da 3 sabo, bayan karo na farko kashi 62 cikin 100 na tsohon yana nan, bayan na biyu kashi 39, bayan na uku ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shiga ƙarƙashin mota sau uku, da neman kile mai kusurwa shida lamba 10 na kwance marfin, da sabon zoben alminiyom kowane karo, wahala ce da na san ba zan jure ba. Da famfon kuwa a tsaye nake yi, rigata fes.

Ranar farko Asabar ce cikin hunturu, bayan sallar asuba, ƙarƙashin bedin ƙofar gida. Na yi gaggawa na zura tiyo motar tana da sanyi. Famfon ya yi ta kuka kamar injin markaɗe, man yana hawowa da ƙyar, minti goma ban cika kofi biyu ba. Sai na tuna takardar cikin kwalin ta ce a ɗumama man zuwa digiri 40 har 60. Na cire komai, na zaga har hanyar Madarunfa na dawo, na bar ta ta huce kaɗan, na sake. Wannan karon cikin minti biyar ko shida lita 3 suka fito, har ya fara jan iska. Ɗan yayata ne ke riƙe da kakkauran tiyon a bakin bido, kuma dole a samu mai riƙewa, don tiyon yana tsalle idan iska ta shiga, ya watsa wa mutum mai har fuska. Bidon na riga na yi masa alama da biro a kowace lita ta hanyar zuba ruwa da kwalbar da na san awonta, na shanya shi ya bushe sarai. Abin da ya fito shi nake mayarwa, ba ƙari ba ragi. Wannan awon shi ne rabin aikin.

Zuba sabon ta ramin sandar ake yi, da mazurari mai dogon wuya, a hankali don ramin ƙarami ne yana amai. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne ƙura. Kafin in gama zuba lita ta farko na ga wani farin gari ya kwanta a bakin mazurarin, irin wanda ke kwanciya a kan gilashi cikin hunturu. Yashi shi ne babban abokin gabar buwat, don akwai ƙananan hanyoyin mai a cikinta da ƙwaya ɗaya za ta iya toshewa. Na tsaya, na goge, na tura motar cikin gida bakin zaure na ƙarasa. Wanda zai yi wannan aiki a Maradi tsakanin Disamba da Fabrairu ya nemi wurin da iska ba ta kaɗawa, ya kuma ajiye tiyon da mazurarin cikin leda a ɗaure.

Kuskure na biyu nawa ne, ba na famfo ba. Da na gama na zaro sanda inji a kashe, na ga man ya wuce alama nesa, gabana ya faɗi, har na ɗauko famfon zan rage. Ashe ba haka ake auna man buwat ba. Sai an yi tafiya ya yi zafi sosai, digiri 70 zuwa 80, a tsaya a wuri madaidaici inji yana aiki, a taka birki a bi da giya daga P har ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a dawo P, sannan a zaro sanda a goge a sake zurawa, a duba tsakanin alamun HOT. Da na bi haka sai ga shi daidai. Na maimaita canjin sau biyu, ina barin kamar kilomita 500 tsakani. Bayan na biyu bugun ya ragu, bayan na uku sai in na sa kunne nake jin shigar giyar. A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ganin haka na ce bari in hutar da bayana a bidanjin inji ma. Wannan inji yana cin kusan lita 4 har da filta. Famfon ya zuƙo lita 3 da ɗan abin da ba a rasa ba, ya fara jan iska. Na murɗa tiyon, na tura, na ja, ba ƙari. Zuciyata ba ta kwanta ba, na shimfiɗa buhu na shiga ƙasa da kile 14 na kwance marfin. Abin da ya zubo ya fi kofin shayi biyu, kuma shi ne mafi muni, baƙi ƙirin, mai kauri kamar kunun da ya kwana, na murza shi a yatsu na ji ɗan tsakuwa-tsakuwa. Wato famfon ya kwashe na sama ya bar mini laka. Ga motar da ke yawo a kwalta kaɗai wataƙila wannan ba komai ba ne, amma ga mai bin hanyar Dakoro lakar ce ake so ta fita. Sannan filtar wannan inji a ƙasa take, ko ka zuƙe man ta sama dole ka kwanta ka kwance ta. To ina hutun?

Ƙari a kan haka, sai da siririn tiyon ya maƙale mini a ramin sandar injin. Man ya fi zafi ranar, robar ta yi laushi ta lanƙwashe a can ciki, na ja ta ƙi. Na tsaya ina gumi cikin sanyi ina lissafin abin da zai faru in ta tsinke ta faɗa ciki, uwargida kuma tana leƙowa daga zaure tana cewa, "Maigida, da ka kai wa masu aikin abinsu." Sai da ta huce na riƙa murzawa a hankali kafin ta fito. Tun ranar na naɗa salatif a jikin tiyon daidai tsawon sandar awo, ba na bari ya wuce nan.

Yanzu bidanjin inji ta ƙasa nake yi, duk kilomita 5,000, wani lokaci ban kai ba in ƙura ta yi yawa. Littafin motar 5W-30 ya ce, masu garaji kuma 20W-50 suke zuba wa kowa da hujjar zafin Afrilu da Mayu. Ni na tsaya a kan abin da littafin ya faɗa, ina duba sanda kowace Juma'a. Filta da hannu nake ɗaure ta bayan na shafa wa robarta mai, kuma ina duba ko tsohuwar robar ta bi tsohuwar filtar ta fito, don in ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta man zai tsiyaye gaba ɗaya a hanya. Ba na shiga ƙarƙashin mota a kan kirik kaɗai, ƙasarmu yashi ce, nutsewa yake yi. Katakai masu kauri nake hawa da tayun gaba, in sa dutse a bayan na baya.

Shi kansa famfon aikin araha ne, ana gani a jikinsa. Wayoyinsa gajeru ne, bakin jar wayar ya saki tun karo na biyu sai da na ɗaure shi da wayar ƙarfe. Yana yin zafi da wuri, takardarsa ma ta hana a wuce minti 30 ana kunna shi, ta kuma hana a zuƙi fetur ko ruwa da shi, wanda ya gwada fetur yana neman gobara. Bayan an gama mai yana ci gaba da ɗiga daga tiyon kwana da kwanaki. Kuma ba ya aiki ga motocin da buwat ɗinsu ba ta da sandar awo, kamar yadda muka tarar a motar maƙwabcina bayan mun buɗe gaba muna ta lalube, ƙarshe dai baƙin mai kawai muka zuƙe masa. Man akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayun baya da na gadar baya ma daban ne, mai kauri ne irin GL-5, wannan na bar wa Baba a kan rami.

Tsohon man ban zubar a ƙasa ba, rijiyarmu tana kusa. Na tara shi a bido mai marfi can bayan ɗaki inda yara ba sa kaiwa. Baƙin wani kafinta ya zo ya karɓe zai shafa wa katakon rumfa saboda gara. Jan kuwa, lita 9 cif, har yau yana nan, ya ce shi bai san aikin da zai yi da shi ba.