Na je sayen murhun gashi a Teksas, dattijo mai walda ya hana ni ɓarnar kuɗi

Jama'a sallama. Shekara shida kenan ina Hustan ban taɓa cin naman layya gasasshe yadda raina ke so ba, kullum sai dai uwargida ta soya a kicin, gida ya turnuƙe har ƙararrawar gobara ta kama ihu. Gidan benen da muka yi haya da farko an hana kunna wuta a baranda kwata-kwata, a rubuce yake cikin takardar haya. To bara da Allah ya hore muka koma gida mai ɗan fili ta baya, sai na ce bana kam kafin Babbar Sallah sai na mallaki abin gashi na kirki.

Su mutanen nan gashinsu ba irin namu ba ne. Abin da suke ji da shi suna ce masa ofset simoka, ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance kamar durom, a gefe ɗaya an manna masa wani ƙaramin akwati a ɗan ƙasa, nan ake hura itace, ɗaya gefen kuma bututun fitar hayaƙi ne a tsaye. Naman ba ya ganin wuta sam, zafi da hayaƙi ne kawai ke bi ta kansa su fice, zafin ma bai wuce digiri 110 zuwa 135 ba, shi ya sa ƙirjin saniya guda ɗaya sai ya kwashe awa 12 ko fiye kafin ya nuna. Akwai wani gidan gashi a Ostin, Franklin Barbecue, a ƴar tirela ya fara a 2009, yanzu tun da sassafe mutane ke zuwa da kujerunsu su yi layi na awoyi saboda wannan naman. Ni dai ba ci zan yi ba tunda ba yankan Musulmi ba ne, amma abin da suke gashin da shi ya shiga raina.

Na fara da manyan kantuna, na ga na dala ɗari uku zuwa ɗari biyar, an sha fenti yana ƙyalli, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar gwangwanin madara, yaron da ke wajen kuma ko kaurin ƙarfen bai sani ba sai karanta min kwali yake. Na koma Facebook wajen masu sayar da na hannu, nan kuma matsalar alade ce, duk wanda na tambaya sai ya ce haƙarƙarin alade ya fi gasawa a ciki, kuma kitsen nan ya riga ya kama ƙarfen. Na haƙura.

Wani ɗan uwa ɗan Maraɗi da muke masallaci ɗaya shi ya kwatanta min wani dattijo Bature mai walda a bayan gari, rumfar kwano ce kawai da shi da yaransa biyu. Na je da niyyar sayen babba, irin wanda suke yankawa daga tankin gas mai galan 250 su ɗora kan tirela, a raina ai rago guda zan dinga sawa, ga jama'ar masallaci. Kuɗin ma na riga na ware. Dattijon ya ja min kujera, ya tambaye ni mutum nawa ne a gidana, sau nawa a shekara zan tara jama'a, wane nama na fi ci. Da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce abokina wannan ba naka ba ne, itacen da zai ci kafin ma ya ɗau zafi ya ishe ka gashin yini guda a ƙarami, shekara ɗaya za ka yi ka gaji ka bar shi yana tsatsa. Ya kai ni gaban wani mai faɗin inci 24 wanda kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba, ya ce rago in an raba shi huɗu zai shiga nan har da sauran wuri.

Wallahi na tsaya ina kallonsa. Mutum na zo masa da kuɗi a hannu, yana mayar min da fiye da rabi.

Bai tsaya nan ba, ya ɗauko ma'auni ya maƙala a bakin ƙarfen ya ce in karanta da kaina, kwatan inci, wato milimita 6 da ɗan ɗoriya, ya ce in ɗaga murfin, sai da na sa hannu biyu. Ya ce duk sirrin a kaurin nan yake, ƙarfe mai kauri yana riƙe zafi, ka buɗe ka rufe bai huce ba, iska ko ruwan sama ba sa firgita shi, shi kuwa siririn nan na kanti da ka ƙara itace ɗaya zafi ya haura, da iska ta kaɗa ya faɗi, ga akwatin wutar ba ya daɗewa yake cinyewa. Ya kunna tocila ya sa a ciki ya rufe don in ga ko haske na fita ta bakin murfin. Ya nuna min inda ya saukar da bakin bututun hayaƙin daidai da ragar nama don hayaƙin ya shafi naman kafin ya fita, maimakon ya bi ta sama ya gudu. Har maganar itace ya yi min, ya ce su wani itace da ake kira ok suka fi amfani da shi, wani da ake kira meskit kuma wutarsa zafi gare ta kuma hayaƙinsa na da ƙarfi, in yi hankali kar ya ɗaci naman. Daga baya na gano meskit ɗin nan dangin kiryarmu ne, wadda maƙera ke son gawayinta, ban yi mamaki ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni, ina cikin sa hannu na ambaci dalilin da ya hana ni sayen na hannu. Sai ya ajiye biro ya ce to gara da ka faɗa, don kafin mu ba mutum kayansa mukan shafe cikin da kitse mu ƙona don kar ya yi tsatsa, kuma wani lokacin kitsen alade ne. Ya ce naka da man girki zan shafe, kuma sabon tsumma zan sa. Ya rubuta haka a jikin rasit da hannunsa. Da ya yi shiru ta ina zan sani? Har abada ba zan sani ba. Ya ce za a kawo min nan da sati takwas, ranar Talata. Ranar Litinin yaronsa ya bugo yana tambaya ƙarfe nawa zan kasance a gida, Talata da hantsi motarsu na ƙofar gidana.

Daren ranar ƙofar ƙarfen da na sa a ƙera wa gidan Hajiyarmu can gida na dinga tunawa. Na tura kafin alƙalami aka ce sati biyu, sai da aka ci wata uku, yau babu wuta, gobe an yi rasuwa, jibi waya a kashe, ƙanena ya yi zarya har ya gaji, da aka kawo kuma ba ƙarfen da aka yi ciniki a kai ba ne, an dai lafta fenti an rufe, damina biyu ƙasan ya ɓule. Kuma ba rashin iyawa ba ne fa, duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya san irin hannun da Allah ya ba mutanenmu, in ka nuna musu hoton abin nan a waya kafin sati sun ƙera shi. Rashin wutar gaskiya ne, tsadar ƙarfe gaskiya ce, amma ka ɗaga waya ka ce Alhaji aikinka ba zai samu ranar da na ce ba, wannan nawa zai ci maka? Mu masu saye ma da namu, sai mun matse mai sana'a da a rage a rage har ya zama in ya sa ƙarfen kirki faɗuwa zai yi, shi kuma maimakon ya ce albarka sai ya karɓa ya rama a kan kaurin.

Kar ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Ciniki babu, kuɗin da aka rubuta ma ba shi za ka biya ba sai an ɗora haraji kashi 8.25 cikin 100, kawowa gida kuɗinsa daban, itace kuwa in na gaya muku abin da na biya sai ku ce ƙarya nake. Ragon ma ba ka isa ka yanka a gidanka yadda muka saba ba, sai ka tuƙa mota zuwa gona ka bi layi. Na tashi tun asuba na hura wuta, kafaɗar ragon ta yi awa bakwai ta fito tana zubewa daga ƙashi, yara sun ci sun yi murna, amma hayaƙin nan ya tashi yini guda babu maƙwabci ɗaya da ya leƙo ya ce barka da Sallah, babu almajiri, babu yaran unguwa. Na aika wa na kusa da mu a faranti, ya yi ta godiya yana tambaya ko wani biki muke yi. Kuma duk laushinsa, ni dai bakina tsiren unguwarmu yake nema, wanda mai tsire ke kafawa kewaye da tukuba bayan Magariba, ga albasa ga yaji a takarda.

Yajin nan shi ne har yanzu ban samu daidai ba, na kantin ƴan Afirka gishiri da magi sun yi masa yawa. In akwai mai tahowa Hustan ko Dalas kafin ƙarshen shekara don Allah ya yi min magana ya riƙo min yajin tsire da ƙuli-ƙuli daga Kano, ya nuna wa jami'an kwastan in sun tambaya. Kilishi kam kar ma a wahala, nama ba ya wucewa a filin jirgi, karɓewa za su yi.